Shin sinadaran tsirrai suna kare hanta daga illar magani?

Ɗalibar Harhaɗa Magani:
Assalamu alaikum malamai. Ana yawan cewa sinadaran antioksidan (masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa) na tsirrai, irin su silimarin na tsiron milk thistle da kurkumin na cikin kurkur, suna kare hanta daga ɓarnar farasitamol da magungunan tarin fuka. Ta yaya suke yin haka? Kuma ya dace a haɗa wa mara lafiya su da maganinsa?

Malam Mai Gwaji:
Wa alaikumus salam. Hanta tana sarrafa mafi yawan farasitamol lafiya lau, sai ɗan kaso kaɗan da inzayim CYP2E1 (wani sinadarin hanta mai sarrafa magani) yake mayarwa guba mai suna NAPQI. Gulutatayon, wani sinadarin kariya da hanta ke haɗawa, shi ne ke kama gubar. Idan aka zarce ƙima, wato giram 4 a rana ga babba, musamman ga mashayin giya ko wanda yunwa ta ci, gulutatayon yana iya ƙarewa, gubar ta manne wa ƙwayoyin hanta ta kashe su. A jikin ɓeraye, silimarin da kurkumin suna taimakawa a ƙara haɗa gulutatayon, ALT (inzayim ɗin da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta samu rauni) ya sauka. Amma malama, ki lura da tsarin gwajin: galibi ana ɗura wa ɓera tsimen tsirran kwana 7 ko 14 tun kafin a ba shi gubar. Shi kuwa mara lafiya, sai guba ta shiga yake zuwa.

Likitan Hanta:
Nan gizo yake saƙar. Wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima, maganinsa NAC ne (N-asetilsistin, mai taimaka wa hanta ta sake haɗa gulutatayon), kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Ana auna farasitamol a jini daga awa 4 bayan sha. Abin da ke yaudarar mutane, ranar farko tashin zuciya ne kawai, sai kwana na uku ko na huɗu hanta ta nuna. Duk awar da aka ɓata ana jiran tsime ya yi aiki, hanta ce ke biya.

Game da magungunan tarin fuka, wato isoniyazid, rifamfisin da firazinamid, sa ido shi ne kariyar. Ana dakatar da su idan ALT ya ninka iyakarsa ta mai lafiya sau 5 ba alama, ko sau 3 tare da amai, ciwon ciki ko idanu sun yi ɗorawa. Idan ya sauko, likita ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya Mai Harhaɗawa:
Sannunku malamai. Kada a manta tsimen kansa yana iya taɓa hanta. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana cewa sinadarin EGCG na koren shayi, daga miligiram 800 a rana a ƙwayar ƙarin abinci, yana ɗaga inzayim ɗin hanta. Haka ƙwayoyin kurkur da ake haɗawa da sinadarin masoro don jiki ya ƙara tsotsa, an samu waɗanda suka kamu da ciwon hanta ta dalilinsu. Silimarin ya fi su sauƙi, sai dai hanji ba ya tsotsarsa sosai. Idan mai shan maganin tarin fuka ya haɗa da irin waɗannan, ALT ya tashi, ba a san mai laifi ba. Don haka a tambaye shi duk abin da yake sha, a rubuta, sannan a auna ALT da bilirubin (sinadarin da ke sa idanu su yi ɗorawa) kafin a fara maganin tarin fuka.