Shawarwarin masu kula da kwamfutocin ofis bayan ƙaurar da sabar

Masu kula da kwamfutocin ofisoshi sun tattauna kan rikicin da kan biyo bayan ƙaurar da sabar, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogaro da ita, ko sabunta manhaja. Bakinsu ya zo ɗaya cewa kafin a taɓa komai, a tambayi ma'aikaci me ya tsaya, tun yaushe, kuma shi kaɗai ne ko duk ofis.

An fi daɗewa kan DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan kwamfuta da adireshinta. Sau da yawa sabuwar sabar lafiyarta ƙalau, kwamfutar ma'aikaci ce ke riƙe da tsohon adireshi, kuma umarnin ipconfig /flushdns a Windows yakan warware hakan nan take. Gogaggu suka ce a rage TTL, wato tsawon lokacin da kwamfuta ke riƙe adireshi kafin ta sake tambaya, kwanaki kaɗan kafin ƙaura, don kwamfutoci su kama sabon adireshi da wuri. A ganina wannan shawara ta fi kowace daraja, domin tana tare matsala tun ba ta taso ba.

Sai agogo. Idan na kwamfuta ya saɓa da na sabar fiye da minti 5, Kerberos, wato tsarin tantance mai shiga, kan hana shiga, mutane kuwa su yi ta zargin kalmar sirri.

Wajen kwafar fayiloli, umarnin robocopy na Windows tare da /COPYALL na kwaso izinin shiga, ba sai an sake rabawa ba. Tsoffin na'urorin sikan da suka dogara da SMB1, wato tsohon tsarin musayar fayiloli, kan daina aikawa, tunda sabbin Windows suna zuwa da shi a kashe. Gara a sabunta na'urar da a kunna shi.

Tsohuwar sabar kuma kada a goge ta sai an gwada dawo da bayanai daga ajiya, an ga sun buɗe.