Wane suna za mu ba alamar da ke rufe layi a fayil?

Salamu alaikum malamai da 'yan uwa masu harkar kwamfuta. Muna shirya darasin Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) da Hausa don matasa a nan Kano, sai muka cije a kan suna ɗaya: alamar nan da ido ba ya gani, wadda kwamfuta ke ajiyewa a fayil duk lokacin da aka danna Enter. Tuni muka nemi shawarar 'yan uwa a kan sunan da za a ba ta.

Ba ta tsallakuwa kuwa. Ɗalibi zai rubuta 'yan umarni a kwamfuta mai Windows, ya ɗora a saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) mai Linux, abu ya ƙi tashi, ana ce masa ba a san /bin/bash^M ba. Ya bi harafi-harafi, bai ga kuskure ba. To wannan ^M ɗin ce. Windows alama biyu take sawa a bayan kowane layi, CR da LF, wato lamba 13 da 10 a ASCII, jadawalin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Linux LF kaɗai ta sani, sai ta ɗauki CR, wadda take nunawa a matsayin ^M, kamar wani harafi na cikin sunan. Tsohuwar Mac kuma CR kaɗai take sawa, sai a 2001 da Mac OS X ta fito aka koma LF. Notepad ma, manhajar rubutu ta Windows, sai 2018 ya iya karanta LF ita kaɗai. Kafin nan fayil daga Linux a layi ɗaya zungurere yake buɗewa.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga takardar rantsuwa da tafireta a bakin kotu ya ga asalin abin. Ƙararrawa na kaɗawa, mai bugu ya tura hannun ƙarfen nan, aiki biyu su faru tare: takarda ta koma farkon layi, ta kuma murɗa sama a samu sabon layi. Injinan aika saƙo ta waya ne suka raba su gida biyu, kowanne da lambarsa: CR (Carriage Return) ta komawa farkon layi, LF (Line Feed) ta sabon layi.

Na gode da shawarwarin da suka shigo. Mafi yawa sun ce "ƙarshen layi". Matsalata da shi, wuri yake nunawa, alhali wannan abu ne da ke zaune a fayil, yana cin gurbi kamar kowane harafi, ana goge shi, ana sauya shi. In ka ce wa yaro "cire ƙarshen layi", kalmar ƙarshe zai goge.

Wata malama ta kawo "sakin layi". Malama, da ya yi daɗi a baki, amma tun firamare mun ba shi aikinsa a rubutun insha'i, ga shi kuma ana faɗar sa ga wanda ya kauce daga zance. Haka "aya", tana da nata ɗigon.

Ni dai na fi karkata ga "marufin layi", wanda wani ɗan uwa daga Kabuga ya kawo. Marufi abu ne, kuma kowa ya san marufin wata tukunya ba lalle ya zauna a bakin wata ba. Ya kuma shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba: "Fayil ɗin nan marufin Windows ne da shi, sa manhajar dos2unix ka sauya." Ko ga mai amfani da Git, manhajar adana sauye-sauyen fayil: "Saita core.autocrlf, Git ya riƙa sauya maka marufi da kansa."

Su biyun kuma, daga aikinsu na ɗauko: CR "koma", LF "sauka", CRLF "koma-sauka". Na gwada a aji, da na ce Windows koma-sauka take yi, Linux sauka kawai, ba wanda ya nemi ƙari.

Malamanmu na sashen Hausa a BUK, Allah ya ƙara sani, a duba mana "koma-sauka": da karan ɗori za a rubuta ko a rabe? Shi kaɗai muke jira mu kai takardun darasin wurin bugawa.