Wai daga ina kalmar "baifas" ta fito?

Abban Sadiq: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a wurin aiki na ce kalmar "bypass" ba a titi aka haife ta ba. A 1848 Turawa sun fara kiran wani ƙaramin bututun gas da ita, wanda yake kewaye makunnin babban bututu don kada wuta ta mutu gaba ɗaya. Sai a 1922 ta koma sunan titin da ya kewaye gari. Aka yi mini dariya, har da oga. Ina kuskurena?

Ɗan Ƙofar Marusa: Kuskurenka "kewaye". Gewaye ake cewa. Kewaye ai ban-ɗaki ne.

Bakano Zalla: Kai Bakatsine, wa ya ba ku Hausa ajiya? A Kano kewaye muke cewa, shi ma ban-ɗakin daga kewayawa bayan ɗaki ya samo sunan.

Ɗan Ƙofar Marusa: Kakata ta haura tamanin, ban taɓa jin ta ce kewaye ba.

Bakano Zalla: Kakarka ce ƙamus?

Ɗan Ƙofar Marusa: Kada ka ƙara sa kakata a bakinka.

Maman Ilham: Haba 'yan uwa! Ni a asibiti nake aiki. Baifas ɗin zuciya shi ne a ciro jijiya daga ƙafa ko ƙirji, a dasa ta ta tsallake inda jini ya toshe. Tsallakewa ta fi dacewa.

Mai Wayarin: Hajiya, a wurinmu baifas jona waya ce ta bayan mita. Sata ce kawai.

Bakano Zalla: To ya aka yi ka san yadda ake yi?

Mai Wayarin: Gyarawa nake yi, ba jonawa ba. Ka janye maganarka.

Abban Sadiq: Don Allah ku dawo kan tambayata. "By" gefe ne, "pass" kuwa ta Faransanci ta shigo daga Latin, inda take nufin taku.

Ɗan Ƙofar Marusa: Mu fara gama maganar gewaye tukuna.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda kewaye ce daidaitacciyar Hausa, kamar yadda muke faɗa a nan Kano. Ɗan'uwanmu na Katsina bai kawo hujja ba sai kakarsa. Abban Sadiq, ka yi haƙuri da ogan naka.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ranka ya daɗe, mafi yawa su wa? Mutum ɗaya ne ya goyi bayanka.