Neman kalma: jerin da ke saukowa da jadawalin da yake ɗebowa

Malamar Kwamfuta: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da Access, manhajar ajiyar bayanai ta Microsoft, ga masu ajiyar katin marasa lafiya, da Hausa. A fom akwai akwatin da in an danna, sunayen ƙananan hukumomin Kano 44 su sauko a zaɓa. Sunayen suna wani jadawali dabam, kowanne da lambarsa. Ido na ganin suna, kwamfuta na ajiye lamba, an huta da wannan ya rubuta Dawakin Tofa, wancan D/Tofa. Me zan kira "dropdown" da "lookup table", da kuma haɗa su?

Bakatsine: Jerin zaɓi. Jadawalin duba. A ɗaure wannan da wancan.

Mai Fassara: Jadawalin duba? Ɗalibai za su zaci malamin duba aka kawo. Jadawalin tushe ya fi, tunda in aka gyara suna a can, jerin ma ya gyaru.

Baba Dattijo: Yara, kun manta asabari? Yana naɗe a saman ƙofa, a ja igiya ya sauko, a gama a naɗe. Ga kalma a ɗakin kakarku kuna yawon nema.

Ɗan Damagaram: Baba bai kauce ba. Mu nan Faransanci "liste déroulante" yake cewa, wato jerin da ke warwaruwa.

Bakatsine: Ranka ya daɗe, asabari rufe ɗaki yake yi, wannan kuwa buɗe zaɓi yake. Kuma yaran yanzu nawa suka taɓa ganinsa?

Baba Dattijo: Bature ya kira abin nuni na kwamfuta ɓera, kun karɓa ba gardama. Namu ne kullum na ƙauye.

Mai Gyaran Kwamfuta: Mu a shago jona muke cewa. Ka jona akwatin da tebur, ka mayar da faɗin layin lambar sifili, ya ɓuya.

Baba Dattijo: Jona Turanci ne ya sa hula. Tebur kuma na mai shayi ne.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, jadawali ma daga Larabci muka aro shi.

Baba Dattijo: Wannan ya daɗe a gida, ya zama ɗan gida.

Malamar Kwamfuta: Jama'a, gobe zan kai takardun bugawa. Ɗaure ya fi kwanta mini: in na kunna hana rubuta abin da ba ya cikin jeri, ma'aikaci ba ya wuce iyakar igiya, kamar akuya a turke. Na ɗauki jerin zaɓi da jadawalin tushe. Baba, asabari zai shiga a misali, ba a suna ba.

Baba Dattijo: To, 'yata. Amma ki faɗa musu da bakinki, kada ki bar shi a ƙasan shafi.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ni dai ranar da suka zo shago, jona za su ji.