Wace kalmar Hausa za mu ba "torque"? Ni dai ina bayan "ƙarfin murɗi"

'Yan uwa masu babur, akwai kalmar da ta daɗe tana yawo a bakinmu ba ta samu sunan Hausa ba, wato torque, wadda yawancinmu ke furtawa "tok". Tana cikin takardar bayanin kowane babur, kusa da ƙarfin doki. Tana cikin littafin gyara, a gaban kusan kowane noti. Da hira ta kai ga canza faifan sarƙa ko faɗaɗa silinda, sai ta faɗo. Birki, giya, filogi, salansa da totur duk sun zauna daram a harshenmu, ba na neman a taɓa su, domin abubuwa ne da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi nan. Tok ba ya nunuwa da yatsa. Wanda bai san shi ba, jin sunan ba ya ƙara masa komai. Shi ya sa nake ganin wannan kam ya cancanci kalmar da za ta faɗi ma'anarta da kanta.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Ka ɗora sifana mai tsawon santimita 25 a kan noti, ka danna ƙarshenta da nauyin kilo 10. Abin da notin ya ji shi ne tok, kuma lissafinsa ƙarfin da ka sa ne sau tsawon sifanar. Kilo 10 wajen nuton 98 ke nan (nuton shi ne ma'aunin ƙarfi), idan ka ninka da rubu'in mita za ka samu kusan 24.5 a ma'aunin da ake rubutawa Nm, wato nuton-mita. Ka zura bututu a sifanar ta kai santimita 50, da wannan kilo 10 ɗin dai, notin zai ji 49. Hannunka bai ƙara ƙarfi ba, amma abin da ke murɗa notin ya ninka. Haka yake a cikin injin: wuta ta tashi, ta tura fistan ƙasa, sandar fistan ta murɗa karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin. Wannan murɗawar ita ake aunawa.

Shawarar da na fi ji daga 'yan uwa ita ce "ƙarfin ja", kuma na fahimci dalili. Abin da mahayi ke ji a jikinsa ke nan: ya yi goyo, ya doshi tudu, babur ya ja ba tare da ya roƙi giya ta ƙasa ba. Sai dai ja yana faruwa ne a inda taya ta taɓa ƙasa, bayan ƙarfin ya bi ta kuloci, giya da sarƙa. Injin ɗaya zai ba ka ja mai yawa a giya ta ɗaya, ya ba ka kaɗan a ta biyar, alhali tok ɗin da yake fitarwa a wannan juyin bai canza ba. Ga kuma babbar matsala: ba za ka ce wa yaron shago ya ɗaure filogi da "ƙarfin ja" 12 ba. Ba a jan noti. Kalmar ta ɗauki rabin aikin ta bar rabi.

Akwai masu cewa "ƙarfin juyi". Wannan ta fi kusa, kuma ba zan yi musu da mai amfani da ita a ajin kimiyya ba. Amma a wajenmu juyi yana da aikinsa tuni. Da shi muke faɗin sau nawa injin ke juyawa a minti ɗaya, abin da allurar agogon injin ke nunawa. Ka gwada faɗin "ƙarfin juyi 10 a juyi 7,500" ka ga yadda mai sauraro zai ruɗe. Sannan noti da ya cije yana iya shan tok mai yawa bai juya ko kaɗan ba. Ana murɗa shi, shi kuwa ya ƙi juyawa. Kalmar da ke nuna dole sai abu ya juya ba ta kama wannan ba.

"Ƙarfin ɗauri" ta yi wa noti daidai, ba ta yi wa injin ba. "Ƙarfin matsi" kuwa a bar wa iskar taya da matsin da ke cikin silinda.

Ga dalilin da ya sa na tsaya a kan murɗi. Yadda muke cewa juya, juyi, ɗaura, ɗauri, haka kunne ke karɓar murɗa, murɗi. Na guje wa "murɗiya" don kowa ya san inda hankali ke zuwa idan an ambace ta, wato maguɗi. Na guje wa "murɗa" ita kaɗai don tana tuna wa mutum ciwon ciki. Ita kanta kalmar torque daga Latin ta samo asali, daga kalmar da ke nufin murɗawa, saboda haka ba mu kauce wa tushen ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tana aiki a wurare biyun da muke buƙatarta, a injin da kuma a kan noti.

Ku saurari yadda take warware gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu, ta ƙarfin doki da tok. Ƙarfin doki, wanda James Watt ɗan Sikotlan ya yaɗa a ƙarni na 18 don kwatanta injinan tururi da dawakai, wajen wat 746 ne. Ba wani ƙarfi daban ba ne da ke ɓoye a injin. Murɗi ne sau juyi. Ka ninka Nm da juyi a minti, ka raba da 9,549, abin da ya fita kilowat ne. Injin da ke ba da murɗi 10 a juyi 7,500 yana fitar da kusan kilowat 7.9, doki goma da rabi ke nan. Wani injin mai murɗi 20 a juyi 3,750 shi ma abin da zai fitar ke nan daidai. Kamar masu dako biyu ne, ɗaya yana ɗaukar buhu biyu a sawu guda yana tafiya a hankali, ɗayan buhu ɗaya yake ɗauka amma sawunsa ya ninka. Da yamma kayan da suka kwashe ɗaya ne. A manyan babura bambancin a fili yake. Injin Harley-Davidson mai silinda biyu, na wajen cc 1,870, yana ba da murɗi fiye da 150 tun yana kusa da juyi 3,000, amma dokinsa bai kai 100 ba. Yamaha R6 mai cc 599 murɗinsa wajen 60 ne kacal, sai dai yana haura juyi 14,000, don haka dokinsa ya kusa 120. Da kalmomi uku na Hausa, murɗi, juyi, doki, an gama bayanin, kuma babu wadda ta shiga gonar wata.

Haka batun faifan sarƙa. Idan na gaba yana da haƙori 14, na baya 42, faifan gaba sai ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Ka sa mai haƙori 45 a baya, murɗin da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, gudun da kake samu a kowane juyi kuma ya ragu da kwatankwacin haka. Cire haƙori ɗaya daga na gaba yana yin kusan aikin ƙara uku a na baya. Mai cewa "na ƙara wa injina ƙarfi" bayan wannan canji bai faɗi daidai ba. Murɗin injin yana nan yadda yake, murɗin taya ne ya ƙaru, kuma da gudu aka saye shi. A nan ma "ja" ta samu gurbinta na gaskiya, domin murɗin taya shi ke haifar da ja.

Inda na fi damuwa da wannan kalma kuwa shi ne wajen ɗauri, don a nan ake asara. Kan injin da murfinsa galibi alminiyam ne, noti da filogi kuma ƙarfe ne mai tauri. Idan an yi gardama tsakaninsu, haƙoran ramin alminiyam ne ke kwashewa. Filogi mai kaurin milimita 10 yawanci murɗi 10 zuwa 12 yake so, mai milimita 12 kuma 15 zuwa 20. Da sifanar nan mai santimita 25, kilo biyar kawai ya kai ka 12. Notin tsiyayar baƙin mai shi ma yana yawan cin wannan wahala, ana matse shi don tsoron yoyo har ramin ya lalace, alhali sabuwar wasa, wato zoben da ake sa wa ƙarƙashin kan notin, ita ce maganin yoyon. A gefe guda kuma notin gatarin tayar baya yana neman ninki da yawa na abin da filogi ke so. Ko shafa mai a haƙoran noti yana canza lissafi, domin mafi yawan murɗin da kake sawa a gogayya yake ƙarewa. Ka rage gogayyar, sai adadin da littafi ya faɗa ya matse notin fiye da kima. Duk wannan yana da wuyar koyarwa idan abin da kake da shi "matse sosai" ne da "kar ka matse da yawa". Amma ka ce wa ɗalibi "wannan murɗinsa 12 ne, wancan 24", ya san abu ne mai awo. A lura kuma, littattafan Amurka da lb-ft suke rubutawa, kowane ɗaya kusan Nm 1.36 ne, kada a ɗauki wannan a matsayin wancan.

Ƙorafi ɗaya na san za a yi, kuma yana da ƙarfi: ai muna cewa "murɗa totur", ba za a ɗauka ƙarfin murɗi na nufin yawan ba da wuta ba? Ina ganin jimla tana raba su. Totur mutum ne ke murɗa shi, murɗi kuwa na injin ne ko na noti, kuma kusan kullum lamba na biye da shi.

Saura sifanar da ke yin ƙas idan an kai adadin da aka saita. Ni "sifanar awon murɗi" nake ce mata, amma ta yi tsawo ga mai aiki da ke kwance a ƙarƙashin babur yana neman a miƙo masa. Manyanmu kanikawa, ku ke riƙe ta kullum. In akwai gajeren sunan da kuke kiranta da shi a wajen aiki, ku taimaka mana da shi, naku za mu ɗauka.