Tantinmu yana jiƙewa ta ciki, ina mafita?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Ni da maiɗakina da yara uku mun kafa tanti a bakin wani kogi cikin daji, babu kowa kusa. Kwana biyu ke nan, da asuba sai mu tarar rufin ya yi gumi ta ciki, ruwa na ɗiga kan barguna, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Na buɗe taga, sauro ya hana mu runtsawa. Na rufe, autarmu ta tashi da tari, kuma wannan ya fi damuna. Shin kusancin kogin ne ya jawo, in mayar da tantin kan tudu? Ko akwai wata dabara?