Neman kalmar Hausa: me za mu kira "nasisis" da "soshiyofat"?

Jama'a, assalamu alaikum. Aiki ya tsaya mini, kuma na san a nan akwai masu Hausa a baki. Ina shirya bayani na rediyo a kan wasu larurori biyu da likitocin ƙwaƙwalwa ke magana a kansu, sai na tarar ba ni da sunan da zan kira ko ɗaya. 'Yan boko suna cewa "nasisis", suna cewa "soshiyofat". Kalmomin sun cika TikTok da Facebook. Amma in na faɗe su a rediyo, Inna da ke sauraro tana tankaɗe a tsakar gida ba abin da za ta ɗauka.

Ga abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ta yi shekara bakwai a gidan wani mutum da duk unguwa ke yabo. Ranar suna shi ne mai yi wa maroƙa liƙi har sai sun wasa shi an ji a layi na biyu. Ranar da sakamakon jarrabawarta ya fito, ta kai masa takardar da murna. Ya duba, ya ajiye a kan talabijin, ya ce ai darajarsa malaman suka duba. Daga nan kwana tara bai amsa gaisuwarta ba. Ranar da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti ta shigo idanu jajir, tambayar farko da ya yi mata ita ce wa zai goge masa babbar rigar Juma'a. Da aka zauna sulhu a zauren kawunmu ina bayan ƙofa ina ji. "Yana dukanki?" "A'a, Kawu." "Ya hana ki ci ko sutura?" "A'a." "To mene ne?" Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta. Aka ce ta yi haƙuri, aka mayar da ita da magariba. Likita bai taɓa duba mutumin nan ba, don haka ban liƙa masa larura ba. Abin da na gani da idona shi ne mace tana ƙonewa, an ba ta dama ta yi magana, ta rasa kalma.

Asalin "nasisis" sunan wani saurayi ne a tatsuniyar Girkawa. Kyakkyawa ne, ya ƙi duk wadda ta so shi, har ranar da ya sunkuya shan ruwa a tafki ya ga fuskarsa. Ya kasa tashi daga wurin har ya rame ya mutu, fure ya tsiro a gurbinsa. Larabawa furen suka bi, suka ce "narjisiyya". Masana halayya na Turai sun ari sunan a ƙarshen ƙarni na 19, masanin halayya Sigmund Freud ya yi rubutu a kai a 1914, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta na DSM a matsayin larura mai zaman kanta. Kundin ya kawo alamomi tara, sai mutum ya cika biyar. Tushensu uku ne: ganin kai ya fi kowa, ƙishirwar yabo da ba ta yankewa, da kasa jin abin da wani yake ji. Sauran rassa ne: mafarkin ɗaukaka marar iyaka, ganin komai haƙƙinsa ne, amfani da mutane kamar tsani, hassada ko zargin ana yi masa ita. Kalmar da muke nema sai ta iya ɗaukar ukun nan, ko aƙalla biyu. Bismillah, ku kawo.

*

Ma sha Allah, amsoshi sun yi yawa. Mafi rinjaye sun ce "son kai". Ban karɓa ba. Son kai shi ne yaro ya ɗauki babbar tsoka a kwano, ko direba ya tare hanya don ya riga kowa. Kowa yana da rabonsa a ciki, kuma mai son kai yakan ji kunya in an kama shi. In muka ce "cutar son kai", rabin gari sun kamu. Ga shi kuma "cuta" da kanta baki biyu gare ta, ciwo da zalunci, mai sauraro ba zai san wanne ake nufi ba.

"Girman kai" ya fi kusa, ga hadisin da ya fassara shi da ƙin gaskiya da raina mutane. Sai dai girman kai a fili yake, ana ganinsa a tafiya da amsa gaisuwa. Likitoci kuwa suna maganar wani nau'in da ke zuwa a sunkuye: mai yawan ƙorafin ba a san darajarsa ba, mai saurin jin an ci masa fuska, wanda gyara kaɗan ke sa shi gaba ta wata guda. A waje sai ka ce mai kunya ne. Bahaushe ba zai kira wannan mai girman kai ba, alhali rijiya ɗaya suke sha.

Malam, na ga taka, Allah ya ƙara ilimi. "Ujubu" ka kawo, kuma na daɗe ina juya ta, don ita ce ta yi daidai da saurayin nan na bakin tafki: mutum ya dubi kansa ya burge kansa. Amma ka tuna bambancin da Imam Gazali ya yi tsakaninta da kibiri, wato girman kai. Ya ce da za a halicci mutum shi kaɗai a duniya, zai iya yin ujubu amma ba zai iya yin girman kai ba, don girman kai sai da wanda za a yi wa. To nan ne ujubu ta gaza mana. Wanda muke magana a kansa ba ya iya zama shi kaɗai da burgewarsa. Sai da 'yan kallo. Sai da mai cewa ranka ya daɗe, sai da matar da za ta zama madubi, ranar da madubin ya nuna wani abu daban kuma a fasa shi. Ban da haka, in ka fita daga zauren karatu mutum nawa ne suka san kalmar?

*

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce su can masu boko da Faransanci suke faɗa, su ma ba su da ta Hausa, sai ta kawo "maitar kai". Hajiya, wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru. Muna cewa mayen ƙwallo, mayen kuɗi, mayen shayi. Kalmar tana da namiji da mace da jam'i ba tare da an wahala ba: mayen kai, mayyar kai, mayun kai. Kuma duk wanda ya zauna da irin mutumin nan zai gaya maka ji yake kamar ana zuƙe shi. Ta fuskar harshe ban ga wadda ta kai ta ba.

Amma ba zan faɗe ta a rediyo ba, kuma ina roƙon kada mu yaɗa ta. Rediyo yana shiga ƙauyen da har gobe kalmar "mayya" ke sa a taru a ƙofar tsohuwa da sanduna. Mun sha jin an doki mata, an kore su daga gari, an kashe wasu a kan wannan zargi. Mu a nan mun san "maitar kai" salon magana ne. Kishiyar da ta ji rabin shirin ta fita tsakar gida tana cewa likita ya ce wance mayya ce fa? Ki yi haƙuri, Hajiya, ran tsohuwar nan ya fi mini kyan kalmar.

Wadda na tsaya a kanta tana bakinmu tun tuni: ji-ji-da-kai. Ninkin da ke cikinta yana nuna abin ya wuce kima, kuma ta shafi abin da mutum yake ji a ransa, ko ya ɗaga hanci ko ya sunkuyar. Da ita mai fankama da mai ƙorafi duk sun shiga. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne yadda za a yi bayaninta a numfashi ɗaya: yawan jin kai, babu jin ƙai. Lanƙwasar harafi ɗaya ce tsakaninsu, ta kuma ɗauko biyu daga cikin tushe ukun nan. Masu rubutu a waya, don Allah ku riƙa sa ƙugiyar, in ba haka ba maganar ta juye gaba ɗaya. Ƙishirwar yabo ce kawai ta rage a waje, ita sai a faɗe ta da baki.

*

Ta biyun ta fi sauƙi, amma akwai rami a hanya. "Soshiyofat" ba sunan da likita ke rubutawa a kati ba ne yanzu. Wani masani Ba'amurke, George Partridge, ya yayata kalmar a 1930, kundin DSM na farko ya yi amfani da ita a 1952, daga baya aka canza suna. Sunan Turancin na yanzu, "antisocial personality disorder", shi ne ke yaudarar masu fassara, har na taɓa ganin an rubuta "larurar gudun jama'a". Kuskure ne babba. Mutumin nan ba ya gudun jama'a, sau da yawa ma shi ne mai zaƙin baki a majalisa. Haƙƙin jama'a yake takawa. Alamomin bakwai ne, uku sun isa: karya doka a kai a kai, ƙarya da damfara, aikata abu ba tunanin gobe, saurin faɗa, wasa da ransa da na wasu, rashin riƙe aiki ko biyan bashi, da rashin nadama. Sharaɗi ne ya kai shekara 18, kuma a samu shaidar ya fara tun kafin ya cika 15. Wannan mataki na yarinta Hausa ta riga ta raɗa masa suna: kangara.

Na ga irin wannan hali a shagon yayana. Yaron shago ya kwashe kuɗin adashen mata tara da aka ba shi ya kai. Da aka ritsa shi ya durƙusa ya kama ƙafar Yaya yana kuka da majina, har Yaya ya ce a bar maganar, shi zai biya. Ban fi minti goma ba na zagaya bayan rumfa ɗauko ruwa, na tarar da shi yana cin tsire yana kwaikwayon muryar Yaya, abokinsa na dariya. Idonsa a bushe kamar bai taɓa kuka ba. Da ya gan ni ko ƙiftawa bai yi ba, ya ce, "Anti, bismillah."

Ƙanena da ya kawo "mutuwar zuciya", a'a. Wannan ta riga ta yi aure. Mai mutuwar zuciya shi ne ƙato lafiyayye da ya zauna yana jiran a ba shi. "Rashin imani" kuwa haka muke faɗa kullum in an yi aikin rashin tausayi, amma in ta zama sunan larura gobe wani zai ce likita ya kafirta ɗansa. "Tantiri" da "shu'umi" zagi ne, uwa ba za ta kai ɗanta asibiti da su a baki ba. Wani dattijo daga Zariya ya ce "ƙeƙashewar zuciya". Baba, na karɓa da hannu biyu. Ƙasa in ta ƙeƙashe ruwa ba ya shigarta, haka wa'azi da kuka da horo suke zamewa a kan irin wannan zuciya. Ba ta kamo gaggawa da rashin riƙe aiki ba, amma ta kamo rashin nadama, wanda shi ne abin da ke gigita waɗanda aka cuta.

*

Malam ya dawo da tambayar da ta fi kowace nauyi: in muka ce "larura", ba mu ba azzalumi mafaka ba? Gobe ya ce ba laifinsa ba ne, ciwo ne.

Allah gafarta Malam, na fahimci tsoronka, shi ya sa na guji "taɓin hankali". Waɗannan ba mahaukata ba ne, ba su cikin waɗanda aka ɗauke wa alƙalami. Tun farkon ƙarni na 19 likitan Faransa Philippe Pinel ya lura da masu ɓarna alhali tunaninsu garau yake. Yaron nan ya san kuɗin ba nasa ba ne, shi ya sa ya yi kukan ƙarya. Haƙƙi yana kansa, a kotu da gaban Allah. Na riƙe "larura" ne saboda abu biyu. Tana gaya wa wadda ke cikin gidan cewa ƙarin haƙuri da ƙarin kwalliya da gyaran miya ba za su canza shi ba, don abin ya girme zuwanta, tun ƙuruciya yake tafe, kuma yana bin mai shi gida da kasuwa da wurin aiki. Ai mun ce hali zanen dutse. Sannan tana tuna mana cewa mai tabbatar da ita likita ne, bayan ya zauna da mutum. A Amurka ma tun 1973 ƙungiyar likitocin ta hana 'ya'yanta liƙa wa sanannen mutum larura ba tare da sun duba shi ba, bayan wata mujalla ta buga ra'ayoyin likitocin da ba su duba shi ba a kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater a 1964. In an hana masu digirin abin, ina ga mu da kishiya ko tsohon miji? Ji-ji-da-kai hali ne da kowa zai iya gani ya faɗa. Da zarar an sa "larura" a gaba, magana ta koma hannun likita.

To ga yadda zan rubuta a takardar shirin: larurar ji-ji-da-kai, da larurar ƙeƙashewar zuciya. Mai ita kuma "mai larurar kaza", ba wani suna na daban da za a riƙa jifa da shi. Su biyun a haɗe zan kira su larurorin hali.

Ɗazu na kira Inna na karanta mata sakin farko. Ta ƙeƙashewar zuciya ba ta tambaye ni komai ba. A ta ji-ji-da-kai ta sa na maimaita "jin kai babu jin ƙai" sau biyu, sannan ta ce in turo wa 'yar ƙanwarta ranar da za a sa shirin. Mutanen Sakkwato da Damagaram da zangon Kumasi, har yanzu ban ji daga gare ku ba. In "ji-ji-da-kai" tana da wata ma'ana a bakinku, ku sanar da ni kafin Alhamis, ranar za mu ɗauki murya.